Katakon Yanka: Aikin Hutu Da Zai Shiga Kicin Ɗin Gidanku

A yawancin gidajenmu na cikin birnin Zariya, a tafin hannu ake yanka albasa. Haka ake yanka alayyahu da kuɓewa, wuƙa na tahowa tana tsayawa a kan babban yatsa. Idan nama ne sai a kira yaro ya riƙe gefe ɗaya, ko a kife faranti, ko a jawo murfin tukunya a yanka a kai. Iyayenmu mata sun ƙware da hakan, amma ku duba yatsunsu ku ga tabon wuƙa. Farantin ƙarfe kuwa dakushe wuƙa yake yi, ga santsi, nama na zamewa.

Wani ɗan katako mai faɗin littafin rubutu ya isa ya kawar da wannan wahala. Shi muke kira katakon yanka, kuma ɗalibin sakandare, mace ko namiji, zai iya yinsa da hannunsa a cikin hutu guda. Ba ya buƙatar ƙusa, ba ya buƙatar haɗa kusurwa irin ta kujera ko tebur. Sai dai sauƙin nasa yana da tarko. Abinci za a ɗora a kansa kullum, za a kuma jiƙa shi da ruwa kullum. Wanda bai san ice ba zai yi katakon da zai tsage kafin a koma makaranta, ko wanda zai sa wa mutanen gida guba a miya. Saboda haka rabin aikin sanin ice ne, zarto na biye.

Abin da magabata suka sani

Wannan sani tsoho ne a garin nan. Babban masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, da ƙasa da azara aka ɗaga bakan gizonsa. Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma magina sun zaɓe ta ne domin gara ba ta cinta da sauƙi. Ga rimi nan birjik a birni, har unguwanni na amsa sunansa, irin su Rimin Tsiwa, amma ba su ɗauko shi ba, don sun san icensa laushi gare shi.

Masassaƙa ma haka suke. Idan kuka ratsa kasuwar birni inda ake sayar da turmi da taɓarya da muciya da akushi da kujerar tsugunno, ku tsaya ku ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ku ji bambancin nauyi. Kowane abu da icen da ya dace da shi. Kirya ake nema don turmi da taɓarya, domin tana jure duka shekara da shekaru. Aduwa na daga cikin itatuwan da ake sassaƙa allon karatu da su, saboda fuskarta na yin sumul, ta karɓi tawada, a wanke, a sake rubutu. Ku lura, allon da muka riƙe muna yara a makarantar allo ɗan uwan katakon yanka ne: shimfiɗaɗɗen ice guda ɗaya, mai mariƙi, wanda ake jiƙawa a shanya kullum. Wanda ya iya sassaƙa allo ya riga ya san yawancin abin da za mu faɗa a nan.

Wane ice ya dace?

Katakon yanka na son ice mai matsakaicin tauri, wanda ƙofofin jikinsa suke a matse, marar ɗaci ko wari, marar guba.

Idan icen ya cika laushi, kamar rimi ko kuka ko farin katakon nan marar nauyi da ake kira obeche, wuƙa za ta riƙa yi masa rami, ragowar nama na maƙalewa a ciki. Idan ya cika tauri kamar dutse, wuƙar ce za ta dakushe. Tsamiya na da kyau ƙwarai in an samu busasshiya; a ƙasar Tailan da ita ake yin kututturen sara nama a kasuwanni. Kirya ma ta yi, sai dai gyaranta da hannu aiki ne ja. A wajen kafintoci, abin da za ku fi samu shi ne maɗaci, wanda suke kira mahogani, da loko da ake kawowa daga kudu. Duka biyun suna yi, amma ƙofofinsu sun ɗan buɗe, don haka sun fi shan mai, kuma ƙurar loko na sa atishawa da ƙaiƙayi, sai an rufe hanci lokacin gogewa.

Akwai waɗanda ba a kusantar su ko kyauta aka ba ku. Samberu guba ne, makiyaya sun san yana kashe dabbar da ta ci ganyensa. Duk katakon rufin ɗaki da aka shafa wa Solignum ko baƙin man mota don maganin gara, ya haramta ga abinci, ko da an kankare samansa, domin maganin ya riga ya ratsa ciki. Haka tsohon katakon da aka taɓa yi wa fenti. Filawud da allunan da ake matsawa daga garin katako cike suke da gam, kuma da sun sha ruwa sai su kumbura su ɓare. Katakon da ake ɗora kayan kamfani a kai, idan kun ga an buga masa haruffan MB, an turara shi da maganin ƙwari ne, ku bar shi. Dokar mai sauƙi ce: icen da ba ku san sunansa da tarihinsa ba, kada ya hau kan abincinku.

Ruwan da ke cikin ice

Ku tuna darasin bayoloji. Jikin bishiya cike yake da siraran bututu masu ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye. Ɗanyen ice da aka sara yau, a wasu itatuwan kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Yayin da ruwan ke fita, icen na tsukewa, kuma ya fi tsukewa ta faɗi fiye da ta tsawo. Idan gefe ɗaya ya riga ɗaya bushewa, sai katakon ya kantare kamar kwanon suya. Idan bakinsa ya bushe da sauri cikinsa na jiƙe, sai ya tsage.

Mu a Zariya muna ganin wannan da idonmu kowace shekara. Ƙofar katako da ke cijewa a watan Agusta, sai an sa kafaɗa kafin ta rufu, ita ce za ku ga tana lilo a watan Janairu, haske na shigowa ta gefenta. Damina ta kumbura ta, hunturu ya tsuke ta. Ko busasshen ice bai daina shan danshin iska yana fitarwa ba har abada. Abin da mai aikin katako ke yi shi ne ya rage saurin shiga da fitar ruwan.

Yaya za ku gane busasshe? Ku ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa: busasshe na amsawa da ƙara mai kaifi, ɗanye kuwa ƙararsa a dushe take. Ku taɓa shi da kunci: ɗanye ya fi sanyi. Hanyar da ta fi tabbas ita ce ta awo. Ku roƙi mai shago ya ɗora muku shi a sikeli, ku rubuta nauyin, ku ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, an ɗaga shi daga ƙasa da 'yan sanduna biyu. Bayan mako guda ku sake aunawa. In nauyin na raguwa, ruwa na fita, ku ƙara haƙuri. Ranar da ya tsaya cak mako biyu a jere, ya isa aiki. Kada ku shanya shi a tsakiyar rana don ya yi sauri. Nan take zai tsage.

Ba sai an sare bishiya ba

Muna roƙon ku da babbar murya, kada wannan aiki ya sa kowa ya ɗauki gatari. Abin da ya faru da madobiya ya isa darasi. Icenta ja ne mai kyau, masu kayan ɗaki a ƙasar Sin suka yi ta nemansa, aka yi ta sara a jihohi irin su Taraba ana lodawa a kwantena. A 2017 wata ƙungiyar binciken muhalli mai suna EIA ta fitar da rahoto cewa gungume sama da miliyan 1.4 aka fitar daga Najeriya ba bisa ƙa'ida ba. A farkon wannan shekarar ce aka sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta duniya ta taƙaita cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Bishiyar da ta ɗauki shekaru da dama tana girma, injin sara na kayar da ita cikin 'yan mintoci.

Katakon yanka ƙarami ne, guntun da kafinta ya rage ya ishe shi. Duk wanda ya yi gado ko ƙofa yana da tarin guntaye a bayan shago, yawancinsu a murhu suke ƙarewa. Ku nemi izinin gida, ku je wurin kafintan unguwarku, ko ku bi wani babba zuwa 'Yan Katako a Sabon Gari. Ku yi sallama, ku gaisa da kyau, ku faɗi abin da za ku yi da shi. Faɗin cewa na abinci ne yana da muhimmanci, domin kafinta ya san wanda aka shafa wa magani a cikin kayansa. Guntun da ya daɗe a shago ma ya fi, ya riga ya bushe. Idan iska ta kayar da reshen tsamiya a gidanku ko a gona, shi ma dukiya ce, in an tsaga shi aka bar shi ya bushe a inuwa.

Yadda ake yi

Kayan aikin ba su da yawa: rula, fensir, zarto, samfefa iri uku, ɗan guntun ice mai faɗi da za a naɗe samfefar a jiki, tsumma mai tsabta, da ƙyallen rufe hanci.

Ku nemi katako guda ɗaya marar haɗi, mai tsawon kamar santimita 35, faɗin 22 zuwa 25, kauri kuma kada ya gaza inci ɗaya, wato santimita 2.5. Siriri ya fi saurin kantarewa. Ku guji wanda ke da ƙulli, ko tsaga, ko hujin ƙwaro. Haɗa guntaye da gam abu ne mai kyau a ido, amma yana son gam mai jure ruwa da abin matsewa, ku bar shi sai hannu ya faɗa.

Fuskokin biyu sai sun daidaita. Wannan aikin injin gyaran katako ne, kuma kafinta ne zai yi shi, ba ku ba. Injin nan ba ya bambance katako da yatsa. In an gama, ku ɗora katakon a kan tebur mai shafaffiyar fuska, ku danna kusurwoyinsa. In yana rawa, da sauran gyara.

Sai ku zana siffar da fensir. Ku kifa kofin shayi a kowace kusurwa ku zagaya shi, don kusurwoyin su zama masu lanƙwasa, ba sa ɓarewa kuma ba sa sokar hannu. Wanda yake so ya fitar da mariƙi irin na allo, ya zana. Ku yanka a wajen layi kaɗan, wani ya danne muku katakon, hannun da ba ya riƙe da zarto ya yi nesa da haƙoransa. A huda rami guda mai faɗin yatsa kusa da baki, don ratayewa.

Yanzu sai guga, inda ake gane mai haƙuri. A bayan kowace samfefa akwai lamba. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Ku fara da 80, ku koma 120, ku ƙare da 220. Ku riƙa bin tsawon zaren icen, kada ku gicciye shi, in ba haka ba zane zai fito ɓaro-ɓaro da an shafa mai. Kada ku tsallake lamba, kowace tana share zanen da ta gabanta ta bari. Ku goge gefuna da cikin ramin ma.

Ga wani sirri da masu gaggawa ba sa yi. Bayan kun gama da 220, ku shafa jiƙaƙƙen tsumma a duk jikin katakon, ku bar shi ya bushe. Za ku ji ya koma kaushi-kaushi kamar gemun kwana biyu. 'Yan zaren da samfefa ta kwantar ne ruwa ya tayar. Ku sake bi da 220 a hankali. In ba ku yi haka yanzu ba, wankin farko a kicin zai yi muku shi.

Mai, ba fenti ba

A nan mutane da yawa ke ɓata aikinsu. Banish da fenti suna yin fata ne a saman ice. Wuƙa za ta yanka fatar, ɓarɓashinta ya bi albasa zuwa tukunya, ruwa kuma ya shiga ta tsagar ya maƙale a ƙasa. Katakon yanka mai yake so, wanda zai nutse cikin ƙofofin icen ya hana ruwa wuri.

Ba kowane mai ba kuma. Man gyaɗa da manja suna lalacewa in sun daɗe a cikin ice, katakon ya riƙa wari yana danƙo. Abin da ke kusa da mu, mai araha, shi ne man kaɗanya, wanda ya fi su jure ajiya kuma ana cinsa. Ku narkar da shi a ɗan kwano da aka ɗora cikin ruwan zafi, kada a kan wuta kai tsaye. In kun samu kakin zuma wajen masu sayar da zuma, ku haɗa kashi ɗaya na kaki da kashi huɗu na mai. Kakin na ƙara toshe ƙofofi. A ƙasashen Turai da Amurka an fi amfani da farin man farafin irin wanda ake sayarwa a kemis, marar wari marar ɗanɗano. Shi ma ya yi, amma ku kiyaye: na kemis muke nufi, wanda ake sha. Kananzir da man keken ɗinki ba su da wuri a nan.

Ku shafa man da ɗuminsa a kowace fuska, sama da ƙasa da gefuna. Bakin katakon biyu, inda bututun icen suka buɗe, sun fi ko'ina sha, ku ƙara musu. In kun shafa fuska ɗaya kawai, ɗayar za ta riƙa shan ruwa ita kaɗai, katakon ya kantare. Ku bar shi ya kwana, ku goge ragowar da tsumma, ku maimaita sau uku. Gwajin ƙarshe: ku ɗiga ruwa. In ya dunƙule ya tsaya kamar raɓa a kan ganyen gwaza, aiki ya yi.

Ku taɓa lura da kututturen da mahauta ke sara nama a kai? A tsaye aka yanke shi, bakin bututun na kallon sama. Kamar tsintsiya ce a tsaye: in ka sa wuƙa ta sama, tsakanin tsinke take shiga, ka cire su koma su haɗe. Shi ya sa kututture ke daɗewa, wuƙa kuma ba ta saurin dakushewa. Katakon da muka koya muku a kwance zarensa yake, ya dace da yanka kayan miya da nama marar ƙashi. Saran ƙashi sai kututture.

Maganar lafiya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma na mutuwa. A Afirka kaɗai, masu kamuwa sun haura miliyan 91, masu mutuwa 137,000. Ɗaya daga cikin ƙa'idoji biyar da hukumar ke koyarwa shi ne raba ɗanyen abinci da dafaffe.

Ga yadda abin ke faruwa a gida. An yanka ɗanyar kaza, aka ɗauraye wurin sama-sama, aka yanka tumatir da kabeji da latas na kwaɗo ko salak a wuri ɗaya. Kazar za ta shiga wuta, ƙwayoyin cutar da ke jikinta su mutu. Kabejin kuwa ba zai ga wuta ba. Saboda haka katako biyu za ku yi, ɗaya na nama da kifi, ɗaya na abin da ake ci ɗanye. Ku bambanta siffarsu yadda ko ƙaninku ba zai rikice ba: na nama mai mariƙi, na ganye marar mariƙi.

Wasu za su ce ai na roba ya fi tsabta. A farkon shekarun 1990, Dean Cliver da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin ta Amurka sun gwada duka biyun. Sun gano cewa busasshen katako na tsotse ƙwayoyin cuta zuwa ciki, inda yawancinsu ba sa dawowa sama, yayin da robar da wuƙa ta riga ta zazzane ke da wuyar wankuwa da hannu. Wannan bai ɗauke wa kowa wanki ba. Da an gama yanka, a wanke da sabulu da ruwa, na nama da ruwan zafi, a goge, a jingine shi a tsaye ko a rataye don iska ta bugi fuska biyu. Kada a jiƙa shi cikin baho tare da kwanuka. In ya ɗauki warin albasa ko kifi, a barbaɗa gishiri a goga da ɓarin lemun tsami. In ya yi fari-fari, ƙishin mai yake ji. A lokacin hunturu zai fi yawan nema. Ranar da ya tsage har tsagar ta riƙe datti, ya gama aikin abinci.

Daga hutu zuwa sana'a

Ku ba Mama na farko, ku bar ta ta yi aiki da shi wata guda, sannan ku tambaye ta aibinsa. Ya yi nauyi? Yana zamewa? Faɗin ya ishi yankan alayyahu? Amsarta ta fi yabon abokai amfani. Na biyu zai fi na farko kyau.

Wanda ya ga hannunsa ya faɗa, masu saye na nan kusa: mai shayi da ke yanka burodi da albasa, mai tsire, masu abincin sayarwa a Tudun Wada da Kongo da Samaru, da iyayen da ke haɗa kayan kicin na amarya. Kafin ku faɗi farashi, ku rubuta duk abin da kuka kashe a littafi, katako da samfefa da mai da ladan inji da kuɗin mota, ku ɗora ladan awannin da kuka yi. Wanda ya manta da kuɗin wahalarsa, kyauta yake aiki bai sani ba. Kuma ku gaya wa mai saye gaskiyar icen da man da kuka shafa.

Darasin fasaha da kuka yi a ƙaramar sakandare, da awon kusurwa na lissafi, da bututun ruwa na bayoloji, duk sun haɗu a wannan ɗan katako. Mai son ya zurfafa, akwai aikin katako a jarrabawar NABTEB, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da Jami'ar Ahmadu Bello a garin nan. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan magana ta hannunku ce, ku koya masa aiki tun yanzu. Katakon kuwa, ku bar shi ya bushe tukuna.